Tsinken Suga Ba Ya Cikin Kati

Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa shan azumi ba. Kada a ɗauka tsoron Allah ne ya yi mini yawa. Dillalin awaki ne ni, kuma wanda ya san dillali ya san ko cikinsa na azumi bakinsa ba ya yi. Taurin kai ne kawai. Na yi azumi da zazzaɓi, na yi shi a hanyar Mai'adua ina jan akuya mai gardama cikin ranar da ke narkar da kwalta. Boko aji uku na yi aka ce in je in huta. Na allo kuwa, malam da kansa ya ce wa mahaifina kada a ƙarar masa da bulala a banza. To azumin nan shi kaɗai nake da shi da zan ɗaga kai a cikin tsarana.

Sai ciwon suga ya zo.

Tsohuwata, wato uwargidana, ita ce ta fara lura. Ta ce randa ba ta kwana da ruwa, kuma kiyashi sun mai da bayan gidanmu kasuwa. Na ce mata zaƙin hali ne ya yi mini yawa har yake tsiyaya. Ba ta yi dariya ba, sai ta ɗauko mayafinta ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Likitar da muka samu yarinya ce, ba ta kai 'yata ta fari ba, amma in ta kalle ka ta saman gilashi sai ka tuna duk ƙaryar da ka yi a makon. Ita ta ɗora ni a kan ƙwayoyi, ta raba ni da shayi mai kauri da fura mai suga.

Allah Ya taimake ni, a shekarar aka bi unguwanninmu na Daura ana rubuta tsofaffi a inshorar lafiya ta gwamnati. Aka ɗauke ni hoto, na fito kamar wanda aka kama da akuyar sata, aka ba ni kati. Da katin nan nake ganin likita, da shi nake karɓar magani, da shi ake gwada mini jini a asibitin da aka rubuta ni. Na ɗauka duk abin da ya shafi suga gwamnati ta ɗauke mini shi ke nan har in mutu. Ban tambayi kowa ba, ba wanda kuma ya ce mini a'a.

Ana nan 'yata da ke aure a Kaduna ta aiko mini da na'urar gwada suga a gida. 'Yar ƙarama ce, ba ta cika tafin hannu ba. Ta zo da allurai na huda yatsa da wata 'yar kwalba cike da wasu siraran falle-falle. A asibiti sitirif suke ce musu, mu tsinke muka sa musu. Za ka cusa tsinke a bakin na'ura, ka huda yatsa, ka ɗiga jini, ta yi ɗan tunani ta nuna lamba. Tsinken da ya sha jini kuwa ya gama aiki, sai yarwa.

Mai hankali a ɗaka zai ajiye irin wannan abu. Ni majalisa na kai shi.

Majalisarmu dakali ne a ƙofar shagon wani tela, inda muke zama da hantsi. Ƙa'idar wurin tun kafin a haife ni ita ce: abin da ka fito da shi daga aljihu ya tashi daga naka. Goro ne, dabino ne, rediyo ne, in dai ido ya gani to hannu zai taɓa. Na san haka sarai. Amma ta yaya mutum zai mallaki abin da ke magana da jini, ya ɓoye? Na shimfiɗa hankici, na huda yatsana a gabansu, na karanta lamba da ƙarfi kamar mai sanarwar ganin wata.

Taubashina ne ya fara miƙo hannu. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, tun muna yara kowannenmu ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne, har yau ba a yanke hukunci ba.

"Bawa, duba mini," in ji shi. "Ni na san lafiyata lau, so nake in ga ko abin na ƙarya ne irin mai shi."

Na duba masa. Tela ya ce shi ma. Ladan ya ce shi ma, amma da sabuwar allura, wanda kuma gaskiyarsa ce, kowa da tasa muka riƙa yi. Kafin mako ya zagayo an daina kirana da sunana, sai Dakta. Wanda ya ci tuwon suna ya ji kansa ya yi nauyi, wajena. Wanda ya yi faɗa da matarsa ya ji jiri, wajena. Har daga Sandamu wani tsohon abokin cinikina ya hau mashin ya zo da azumin safe a bakinsa don in duba shi. Ina zan ce masa ya koma? Ni kuma, a gaskiya, daɗi nake ji. In lamba ta fito sai in yi shiru, in girgiza kai, in bar mutum ya ɗan yi zufa kafin in ce masa, "Za ka kai baɗi." Shekara da shekaru ina duba haƙoran awaki, ba a taɓa tashi tsaye don na iso ba sai a lokacin nan.

Tsohuwata ta ce, "Malam, kwalbar nan fa ta fara ƙara in an girgiza ta."

Na ce, "Gwamnati na nan. Ba ga kati ba?"

Cikin Sha'aban na je ganin likita, na ce mata azumi ya matso, yaya za a yi da ƙwayoyin. Ta cire gilashi ta goge. Ta ce ita da son samu ne in haƙura bana, addini ya ba ni rangwame. Na ce mata rangwame na masu saye ne, ni dillali ne. Muka ja, muka ja. A ƙarshe ta sauya mini lokutan shan magani, ta ce ta yarda, amma da sharaɗi guda.

"Baba, kana da na'ura a gida ka ce ko?"

"Har da asibiti nake da shi a gida, 'yata."

"To kullum tsakanin azahar da la'asar ka gwada. Lokacin ne suga ke faɗuwa wa mai azumi. In ka ga ya sauka ƙasa da saba'in, ko da kiran magariba ya rage kaɗan, ka sha ruwa da suga. Ranar da ba ka gwada ba kuwa, ba da yawuna ka ɗauki azumi ba. Suga in ya faɗi ba ya sallama."

Na ce na ji. Na fito na zarce teburin masu inshora, na ajiye kati da kwalbata da ta kusa zama fanko, na ce a cika mini.

Ma'aikacin wurin mutum ne mai haƙuri, da gani ya saba da irina. Ya juya kwalbar ya mayar mini.

"Baba, wannan ba ya cikin kati."

"Na suga ne fa."

"Na sani. Gwajin da likita ta rubuta aka yi maka a nan, yana ciki. Maganin da ke cikin tsarin, yana ciki. Na'urar gida da tsinkenta, mai ita ke saye."

"To ɗana, tsaya in gane. Gwamnati ta yarda a soke ni a nan, ta biya mai sukar, ta biya auduga. Amma in soki kaina a gida, in hutar da kowa, shi ne ba ta yarda ba?"

Ya yi dariya, ya ce ba shi ya tsara ba. Na ce wa ya tsara, in je in same shi. Ya nuna sama da biro. Na duba saman, fanka ce kawai, ita ma ba ta juyawa.

Daga ranar nan zama ya gagare ni. Na je kemis na tambayi kuɗin tsinke, aka faɗa mini, na tambayi mai kemis ko har da shagon ya haɗa. Ba ni da shi, damina ba ta yi mana kyau ba, kuma ƙafata ta rage zuwa kasuwa. 'Yata kuwa ba zan iya kiranta ba. Ta ce kwalbar za ta kai ni bayan salla, in na ce ta ƙare za ta tambayi wa ya sha, mijinta kuma a lokacin yana zaune ba aiki. Waɗanda na yi wa gwaji fa? In bi su gida gida in ce a biya ni abin da na bayar don Allah? Gara a ce Dakta ya mutu.

Sai dabara ta zo mini. Goro in ya yi kaɗan a majalisa, ɓarawa ake yi. Na ari almakashin tela, na raba tsinke ɗaya biyu a tsaye, na cusa rabi. Na'ura ta yi shiru kamar ba ta san ni ba. Na ce ko ban daidaita ba ne, na sake raba wani. Haka na yi asarar biyu a cikin 'yan kaɗan da suka rage, taubashina na gefe yana tafa hannu a hankali.

"Dakta ya yi tiyata," in ji shi, "mara lafiya ya rasu."

Shi ne kuma ya ce a tsallaken iyaka komai na magani ya fi araha. Ranar kasuwar Mai'adua na shirya na tafi, na wuce har Kongolam, na sami wani da ke shigowa da kaya daga Nijar. Ya ce ya san abin, ya kawo mini kwalba mai rubutun Faransanci, da rahusa har na ji kunyar tayawa. Ban tafi da na'urar ba don kada a sace. Da na dawo gida na gwada, tsinken ya fi bakinta faɗi. Ashe kowace na'ura da irin nata tsinken, kamar kwaɗo da mabuɗi. Na fere gefe da reza har ya shiga. Ya shiga ɗin, amma ba ta ce komai ba. Ni da na shekara arba'in ina sayar wa mutane akuyar da ba ta ba da nono, ranar nan na san yadda suke ji a hanyar komawa gida.

Aka ga wata. Zafi kuwa a shekarar kamar an buɗe murhu. Na ɓoye sauran tsinkayena a cikin hular da ba na sawa, na daina fita da na'ura, na ce wa 'yan majalisa batirinta ya mutu. Kwanakin farko na bi umarnin likita, kullum bayan azahar in shige ɗaki in gwada, lamba ta fito lafiya, in fito ina taƙama. Goman farko ba ta cika ba na laluba hula na ji wayam.

Ranar na kasa zaune na kasa tsaye. Na shiga ɗaki na fito, na je zaure na dawo, na kwance akuyar gida na sake ɗaure ta. Tsohuwata na tankaɗe tana bina da ido.

"Malam, ka ajiye azumin nan. Liman ma ya faɗa a tafsiri, mai ciwo irin naka ciyarwa zai yi."

"Liman da zai ciyar, ai ya ga hatsi a rumbunsa ne."

"Hatsin ciyarwarka ina da shi. Kai ne ba ni da wani."

Na juya na koma zaure. Amma a nan wata dabarar ta faɗo mini. Ba ma'aikacin ya ce gwajin asibiti yana cikin kati ba? To ai shi ke nan. Asibiti zan mayar ɗakina.

Washegari da hantsi na je na ciro kati, na bi layi, na shiga wajen likita na ce a rubuta mini gwaji. Ta rubuta. Maimakon in wuce ɗakin gwaji, sai na nemi benci a inuwa na kwanta da takardar a aljihu, na jira sai da aka yi azahar, sannan na miƙa hannu aka huda. Lafiya lau. Na koma gida ina jin na fi gwamnati wayo. Kashegari na sake. Likita ta dube ni ta saman gilashi.

"Baba, kai ne kuma? Ina na'urar taka?"

"Tana hutawa, 'yata. Ita ma azumi take."

Ta gane. Ta ɗauki biro ta rubuta. Amma da na sake dawowa, ma'aikacin inshora ya tare ni tun daga ƙofa, da ladabinsa. Ya ce gwaji ɗaya ba a maimaita shi kullum sai da dalilin ciwo, azumi kuwa ba ya cikin dalilan da aka ba su. Ya ce abin da gwamnati ke ba asibiti a kan kowane kai ƙayyadadde ne, ni kuwa na cinye na kaina na shiga na maƙwabta. Ya ce kuma ɗakin gwaji na masu zuwa su koma tashi yake yi da azahar, jiya ma alfarma aka yi mini.

"In na faɗi fa?" na ce.

"In ka faɗi, Baba, wannan taimakon gaggawa ne. Yana ciki."

"Ashe sai na faɗi za a san da ni."

"Allah Ya kiyaye, Baba."

Na ci gaba da azumi ba gwaji. Ban taɓa sanin mutum na iya zama ɗan sandan jikinsa ba sai lokacin. In yatsa ya motsa, in ce ga shi nan ya zo. In na yi hamma, in ce shi ne. In tashi in taka zuwa masallaci don in ga ko ƙafa na ɗaukata, in dawo, in sake komawa. Karatun da ake yi a tafsiri ba na jin ko ɗaya, kunnena na cikin ƙirjina. Taubashina ya ce in haka azumin Dakta yake, gara na jaki, shi aƙalla yana tsayawa wuri ɗaya. Azumin da na saba yi ina tsokanar mutane don rana ta yi saurin faɗuwa, ya koma gadi.

Wata rana a goma ta tsakiya, bayan azahar, na ji zufa ta karyo mini, mai sanyi, ba irin ta zafi ba. Na ɗauki buta ta zame daga hannuna. Ban gaya wa tsohuwata ba. Na fita na tare mai mashin na ce asibiti. Ban san abin da zan ce musu ba, na dai san ba zan iya zama ba. Na sami bencina na zauna, ina ganin kowane mutum ya rabu biyu a idona.

Likita ta fito da jakarta za ta tafi gida. Ta wuce ni, sai ta dawo da baya.

"Baba, ɗago ka dube ni."

"Hutawa nake, 'yata. Inuwarku ta fi tamu."

Ta kama hannuna ta ji yana rawa. Ta kira wata nas ta ce a kawo na'urar ɗakin kwanciya da sauri. Aka huda ni. Ba ta faɗa mini lambar ba, ta dai juyo mini da fuskar na'urar. Aji uku na yi, amma na san abin da bai kai saba'in ba. Wannan ko kusa bai yi ba.

Nas ta kawo kofi, ruwa da suga, cokali na ciki. Likita ta miƙo mini. Na mayar da hannuwana baya kamar yaron da za a yi wa allura.

"La'asar ta kusa. Daga la'asar kuwa magariba ba nisa."

"Ba za ka kai ba, Baba."

"Kin san gaibu ne?"

"Ban sani ba. Wannan na sani." Ta tsuguna a gabana da farar rigarta a ƙasa, ita ma leɓenta a bushe, azumi take. "In ka sha, kai ka sha da bismillarka. In ka ƙi, nan da kaɗan za ka suma, in sa maka ta jijiya ba ka sani ba. Zaɓi wanda kake so."

Na ce mata tun ina ɗan yaro ban taɓa sha ba, ko sau ɗaya. Ban san me ya sa na gaya mata ba, muryata ma ba tawa ba ce. Ta ce ta sani, tun ranar farko ta gani a fuskata. Ta ci gaba da riƙe kofin a gabana.

Na karɓa da hannu biyu. Na yi bismilla na sha, rana tsaka, a gaban masu jinya da mai shara da duk wanda ke wucewa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne daɗin da ruwan ya yi mini. Na so a ce ɗaci ne da shi.

Ta sa aka ba ni biskit, ta jira har ido ya washe, aka sake gwadawa, sannan ta ce a kira wani daga gida. Tsohuwata ta zo da mayafi a karkace. Ta dubi kofin, ta dube ni. Na shirya jin "ai na faɗa maka", har na tanadi amsa. Ba ta faɗa ba. Ta yi wa likita godiya, ta ɗauki takalmina da ya fita ta ajiye mini a gaban ƙafa.

Sauran watan ban ƙara ɗauka ba. Kullum da safe takan auni gero ta aika gidan wata gwauruwa a bayan layinmu, sannan ta dama mini koko marar suga ta kawo ɗaki ta ja labule. Ita tana azumi, ni ina sha. Ban iya shan sa a zaune ba, a tsaye nake shanyewa, fuskata a bango. Majalisa kuwa sai da na yi kwanaki ban leƙa ba. Ranar da na je, na tarar labari ya riga ni. Ba wanda ya ɗaga maganar. Taubashina ya matsa mini wuri a dakali, sannan ya ce shi ma kwana biyun nan jiri yake ji da la'asar, bai dai gaya wa kowa ba.

Na ce masa ya tashi mu je asibiti yanzu, kafin su tashi.

"Da rana haka, bawa?"

"Da rana haka. Ɗauko katinka."